Ra'ayinmu: A Ci Tsaba, A Bar Iri



Tun 1916 aka kafa unguwar Sabo a nan Ibadan, amma har yau yawancin abin da muke ci sai mota ta kawo shi daga Arewa. Kowa ya ga abin da ya biyo bayan rikicin kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, da aka tsayar da motocin abinci. Cikin 'yan kwanaki tumatir da albasa suka gagari talaka, Bahaushe da Bayarabe baki ɗaya.

Ba mu ce kowa ya bar kasuwa ya koma gona ba. Amma ɗan fili a bayan ɗaki, ko buhu cike da ƙasa, ya isa a shuka yakuwa da rama da kuɓewa da alayyafo. Matsalar ita ce iri. Na cikin leda yana da tsada, kuma in mai aure ne, 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwarsu idan an sake shukawa. Na gida kuwa yana hannun tsofaffinmu mata, ƙulle a tsumma. Ranar da tsohuwa ta cika, iri ya bi ta, jikoki su tashi ba su san miyar garinsu ba.

A garin nan cibiyar binciken noma ta IITA take adana da nau'in wake fiye da 15,000. In masana sun ga iri ya kai a gina masa ɗaki, mu ma bai kamata mu yi sake ba.

Don haka shawararmu ita ce, duk mai iri ya kawo ko da cokali guda ofishin ƙungiya. A rubuta sunan irin, da garin da ya fito, da shekararsa. Wanda ya ɗiba, in ya girbe ya mayar da ninki biyu. A shanya shi ya bushe sarai, a gauraya da toka, a rufe cikin kwalba, domin raɓar Kudu tana saurin kashe iri.

Kada mu ware maƙwabta. Ganyen da Yarabawa ke kira ewedu shi ne lalonmu. Mu ba su namu, mu karɓi nasu wanda ya saba da ruwan nan. Maƙwabcin da ya ci daga irinka zai ji nauyin kiranka baƙo.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah Ya sa mu dace, amin.

Sakataren Ƙungiya