Masu Raina Digirin Hulɗar Ƙasa da Ƙasa Su Fara Biyan Bashin 2023

Furucin da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya yi a 2025 cewa Najeriya ta riga ta yaye isassun masu digiri a fannonin kimiyyar zamantakewa ya samu karɓuwa cikin sauri, domin ya faɗa daidai kan wani tsohon ra'ayi da ya daɗe da kafuwa a gidaje da majalisun hira, daga birnin Kano har zuwa Unguwar Hajji ta ƙaramar hukumar Ƙaraye, wato cewa karatu na gaske shi ne likitanci da injiniyanci, sauran kuwa surutu ne da aka ɗora wa takardar shaida. A ƙarƙashin wannan hukunci, matashin da ya nemi digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa ana yi masa kallon mai mafarkin zama jakada ba tare da uba a gindin murhu ba, kuma akan tambaye shi, cikin zolaya, ko Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe reshe a Rogo. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma talakan yankin ne ke biyan kuɗinsa.

Hulɗar ƙasa da ƙasa ilimi ne da ke nazarin yadda ƙasashe ke mu'amala da juna ta hanyar yarjejeniya da ciniki da yaƙi da sulhu, da yadda abin da aka yanke a wata fadar mulki ke sauka kan mutanen da ba a taɓa shawartarsu ba. A matakin digiri na biyu ana sa ran ɗalibi ya wuce haddace sunayen ƙungiyoyi, ya iya karanta nassin yarjejeniya, ya auna tasirin takunkumi, wato matsin tattalin arziki da ake ƙaƙaba wa ƙasa don a tilasta mata sauya hali, ya kuma hango wanda zai fi jin jiki kafin a sa hannu. Irin wannan hangen ne ya ɓace a ƙarshen Yulin 2023, lokacin da ƙungiyar ECOWAS, ƙarƙashin shugabancin Bola Tinubu, ta mayar da martani ga juyin mulkin da Janar Abdourahamane Tiani ya yi wa Mohamed Bazoum a Nijar da rufe iyakoki da barazanar amfani da soja, Najeriya kuma ta katse wutar lantarkin da take bai wa Nijar. Iyakar da aka rufe ta kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno, kuma a kanta ne hatsi da dabbobi da wake ke kai da kawo tsakanin Maraɗi da Jibiya da kasuwar Dawanau. An janye takunkumin a Fabrairun 2024 ba tare da Bazoum ya koma kujerarsa ba, sannan a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar da aka kafa a Legas tun 1975. Injiniyan da ya kashe layin wutar ya yi aikinsa daidai. Abin da aka rasa shi ne wanda zai gaya masa kada ya kashe.

Abin lura kuma shi ne waɗanda suka iya shiga Yamai aka saurare su a lokacin. Muhammadu Sanusi na Biyu ya gana da Tiani a watan Agustan 2023, tawagar malaman addini ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta biyo baya, alhali tawagar ECOWAS ta farko ta dawo ba tare da ganin shugaban sojan ba. Harshe da tarihi da zumunci ne suka buɗe wannan ƙofa, kuma su ne jarin da ɗan Ƙaraye ko ɗan Rogo ke tasowa da shi kyauta, wanda da za a haɗa masa da horo mai zurfi da ya zama ƙwararren da ƙasa ba ta da irinsa da yawa. Amma a watan Satumban 2023 gwamnatin Najeriya ta kira kusan dukkan jakadunta gida, ta bar ofisoshinta na waje fiye da shekara biyu ba a naɗa sababbi ba, kuma gwamnatin da ta yi haka ce ministanta ke sanar da cewa masana zamantakewa sun yi yawa.

Masu cewa wannan fanni bai shafi manomi ba, da alama ba su taɓa tambayar inda ruwan dam ɗin Challawa ke zuwa ba. Wannan madatsa da aka kammala a farkon shekarun 1990 a ƙasar Ƙaraye tana tare kogin da ke haɗuwa da kogin Kano ya zama kogin Haɗeja, ya gangara Komadugu Yobe, wanda wani sashensa ne iyakar Najeriya da Nijar, kafin ya faɗa Tafkin Chadi. Saboda haka ruwan da ake tarewa ko sakewa a nan yana cikin hurumin Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964, da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kai. Haka nan buhun takin zamani da ya fi ƙarfin mai gonar masara bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a Fabrairun 2022, farashinsa na ɗaure da sinadaran da ake shigowa da su daga Maroko da gabashin Turai, da darajar dala, da shawarwarin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Manomin da bai taɓa riƙe fasfo ba yana rayuwa ne a ƙarƙashin manufofin waje tun daga shuka har girbi.

Za a ce ai babu aikin yi ga masu wannan digiri, kamar dai injiniyoyin da ke tuka Adaidaita Sahu a titunan Kano duk sun karanta diflomasiyya ne. Za a kuma ce fanni ne na 'ya'yan manya, kuma wannan ya fi kama da bayanin cutar fiye da hujjar barinta. Tijjani Muhammad-Bande, wanda ya shugabanci zaman Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya na 74 daga 2019, ɗan garin Zagga ne a jihar Kebbi, kuma ta hanyar nazarin kimiyyar siyasa ya kai can. Kafin shi, Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, ya wakilci Najeriya a majalisar a farkon shekarun 1980, ya kuma shugabanci kwamitinta na yaƙi da wariyar launin fata. Tun kafin a kafa kujerar farfesa ta farko a wannan fanni a Aberystwyth ta Birtaniya a 1919, Muhammadu Bello da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi sun riga sun yi musayar wasiƙu kan halaccin yaƙi tsakanin daulolin Musulmi biyu, kuma fadar Sakkwato ta karɓi Hugh Clapperton a 1824 ta tattauna ciniki da shi. Wanda ya ɗauki wannan ilimi a matsayin baƙon abu a ƙasar Hausa bai karanta tarihin gidansu ba.

Jami'o'i ma suna da nasu kason laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Digirin ƙarshen mako da ake shirya wa manyan ma'aikata da 'yan siyasa, waɗanda burinsu shi ne ƙarin haruffa a katin gayyata, ya zubar da mutuncin fannin a idon jama'a. Ana rubuta kundi kan takaddamar Amurka da Sin daga abin da aka kwaso a intanet, alhali Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, mai mazauni a Yamai tun 1971, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi, da zirga-zirgar makamai a dazukan da suka haɗa Zamfara da Katsina da jihar Maraɗi, suna jiran mai bincike. Mafi muni, ana iya yaye mutum a matsayin masanin diflomasiyya a ƙasar da Benin da Nijar da Chadi da Kamaru suka kewaye, ba tare da ya iya karanta shafi guda na Faransanci ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda Ibrahim Gambari ya koyar kafin ya zama Ministan Harkokin Waje a 1984, ta fi kowa cancantar jin kunyar wannan giɓi da kuma fara toshe shi.

Su kuwa 'yan siyasar Kano, da suka fi kowa tafa wa ministan ko suka fi kowa shiru, sun nuna inda hankalinsu yake. An ƙirƙiro masarautar Ƙaraye a 2019, aka rushe ta a Mayun 2024, aka sake dawo da ita da daraja ta biyu mai kula da Ƙaraye da Rogo bayan makonni kaɗan, kuma a duk tsawon waɗannan shekaru an ƙarar da basira da kuɗin lauyoyi kan wanda zai riƙe sanda, yayin da iyakar da arzikin jihar ya dogara da ita aka rufe ta sau biyu, a 2019 da 2023, ba tare da an ji wata tsayayyar murya ta masana daga gidan gwamnati ba. Rigimar rawani tana da masu fashin baƙi ɗari a kowane gidan rediyo, amma yarjejeniyar cinikin bai ɗaya ta Afirka, wadda ta fara aiki a 2021, ba ta da ko goma.

Ya kamata gwamnatin jihar Kano da ta farfaɗo da tura ɗalibai 1,001 karatun digiri na biyu a waje a 2023 ta ware kaso bayyananne ga wannan fanni, ta tura wasu Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da cibiyar nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa ta Yawunde, inda za su dawo da harshe da sanin maƙwabta. Jami'o'i su wajabta Faransanci ko Larabci kafin a ba da shaidar, iyaye kuma a Unguwar Hajji da kewaye su daina karya gwiwar ɗan da ya zaɓi wannan hanya. Ministan Ilimi ya ƙirga masu takardu, bai ƙirga masana ba, kuma a wannan fanni Arewa tana fama da ƙaranci ne.