Kwalbar Ruwa Ɗaya Na Iya Faɗin Kifayen Binuwai

Duk wanda ya saba zuwa bakin kogin Binuwai a Jimeta da sassafe ya san ƙorafin masunta. Suna cewa giwan ruwa ya yi wuyar gani, yauni da bargi sun ragu, abin da ke cika kwando yanzu sai ƙananan karfasa da tarwaɗa. Dattawa na ɗora laifin a kan madatsar ruwan Lagdo ta ƙasar Kamaru, wadda aka kammala a 1982, domin tun daga lokacin cikar kogi ba ta bin ƙa'idarta ta da, kuma fadamun da kifi ke shiga ya yi ƙwai ba sa samun ruwa a kan kari. Wasu kuwa na zargin masu taru mai ƙananan idanu da masu zuba guba a ruwa. Tafkin Njuwa na Yola, wanda ya yi suna da bikin su, yashi da laka sun ci ƙarfinsa.

To, amma ƙorafi ba ƙidaya ba ne. Ma'aikacin gwamnati da ke son sanin irin kifin da ya rage yakan tsaya ne a bakin ruwa ya duba abin da kwale-kwale ya kawo. Kifin da bai faɗa koma ba, ba ya shiga littafi.

Masana kimiyya sun samo wata hanya. Kowane kifi na zubar da yauƙin jikinsa da kashinsa da ɓarɓashin fatarsa a cikin ruwa, kuma a cikin waɗannan akwai ƙwayar gado da ake kira DNA, wadda ta kowane iri ta bambanta. Sai a ɗebi ruwa lita ɗaya ko biyu, a tace shi da matata mai laushi ƙwarai, a kai abin da ya maƙale ɗakin bincike, inda na'ura za ta karanta shi a gwada da na kifayen da aka riga aka sani. A 2008 masana a Faransa suka gano wani kwaɗo ɗan asalin Amurka a tafkuna ta wannan hanya. A 2015 kuma masana a Japan suka gwada ta a babban gidan ajiye kifaye na Okinawa, inda suka gane iri 168 daga cikin 180 da ke tankunan. Ba a kashe kifi ko ɗaya ba. Har ayu, wanda masunta kan yi shekaru ba su sa shi a ido ba, yana barin irin wannan alama.

Sai dai kada a ɗauka magani ne na kowace cuta. Hanyar ba ta faɗin girman kifi ko ainihin yawansa. Ruwa mai gudu na iya kawo alamar daga nesa, ta yadda abin da aka ɗiba a ƙarƙashin gadar Jimeta zai yiwu na kifin da ke can sama ne. Ruwan damina mai laka yana toshe matata nan da nan, zafin Yola kuma yana saurin lalata abin da aka ɗebo. Babbar matsalar ita ce, kifayen Afirka da yawa ba a rubuta ƙwayar gadonsu a kundin da ake gwadawa da shi ba, don haka na'ura za ta ga alama amma ta kasa kiran suna.

A nan ne aiki ya rataya a wuyan Jami'ar Modibbo Adama da Hukumar Raya Kogin Binuwai Ta Sama da ke Yola, tare da cibiyar binciken kifi ta New Bussa. Ya kamata su zauna da sarakunan ruwa, waɗanda suka san kurungu da tsage da minjirya tun suna yara, a tattara samfurin kowane iri da sunansa na Hausa da Fulatanci da Bacama. Bayan haka sai a riƙa ɗibar ruwa a Geriyo da Njuwa da mahaɗar Gongola a Numan, rani da damina, kowace shekara.