Kafin a ba da amsa, a tambaya ko bayanin ya isa

A ƙaddara wani magidanci ya shiga kasuwar Kurfi da naira 31,000, ya kashe su kakaf wajen sayen zabi da kaji. Kowace zabuwa naira 7,000 ce, kowace kaza naira 5,000. Zabi nawa ya saya?

Ɗalibin da ya haddace ƙa'idar aji zai ce ba za a iya sani ba, domin an koya masa cewa abubuwa biyu da ba a sani ba suna bukatar bayani biyu, ga shi kuma bayani ɗaya aka ba shi. Mai sayar da kaji kuwa zai ƙirga da yatsu ya ce zabi 3 da kaji 2. Shi ke da gaskiya, domin ba a sayen rabin kaza mai rai. Idan zabuwa ɗaya ce, saura 24,000, kuma 5,000 ba ta raba su daidai. Idan biyu ne saura 17,000, idan huɗu ne saura 3,000. Uku ne kaɗai ke barin 10,000, kuɗin kaji biyu cif.

Da kuɗin 47,000 ne, da labari ya sha bamban. Zabuwa 1 da kaji 8 sun yi daidai, haka ma zabi 6 da kaza 1. A nan mai gaskiya shi ne wanda ya ce bayanin bai isa ba. Tambayoyin biyu kamarsu ɗaya, amma kama da wane ba ta wane, kuma sai wanda ya zauna ya gwada lambobin zai gane bambancinsu.

Irin wannan tunani yana da gurbi a jarrabawar GMAT, wadda masu neman digiri na biyu a fannin kasuwanci ke zaunawa a ƙasashe da dama. Ana kawo tambaya tare da bayani biyu, kuma ba a neman amsar tambayar ita kanta. Abin da ake so ɗalibi ya faɗa shi ne ko bayanin farko shi kaɗai ya isa, ko na biyu, ko sai an haɗa su, ko kowanne ya isa a kan kansa, ko kuma duk da haɗin ba su isa ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa wannan darasi ya cancanci shiga ajin sakandare a Kurfi da Dutsin-Ma, ko da yaro ba zai taɓa jin sunan GMAT ba.

Mafi yawan tarkon irin waɗannan tambayoyi yana cikin halayen lamba sukutum, wato lambar da ba ta da gutsure. Idan aka ce adadi ya fi 3 amma bai kai 5 ba, kuma awaki ake ƙirgawa, amsa 4 ce babu tantama. Idan kuwa litar man gyaɗa ake aunawa, yana iya zama uku da rabi ko huɗu da kwata, bayanin bai isa ba. Haka batun cika da mara yake. Wanda aka gaya wa cewa ninkin wata lamba sukutum cika ne bai ƙaru da komai ba, domin ninkin kowace lamba cika ne. Amma wanda aka gaya wa cewa an ninka lamba da kanta an sami mara ya san lambar mara ce, ko da bai san ko 3 ce ko 99 ba.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Katsina. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake gina hatimi mai layuka mara. A hatimi mai gida tara, inda ake jera 1 zuwa 9 kowane layi ya ba da 15, ana iya sanin lambar tsakiya tun ba a rubuta komai ba. Layuka huɗu ne ke ratsa tsakiya, jimillarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, wato 45, sai gidan tsakiya da suka ƙara taɓawa sau uku. Ragowar 15 idan aka raba ta uku ta ba da 5. Sharaɗin hatimin shi kaɗai ya isa ya tsayar da lambar.

Malaman zaure ma suna aiki da wannan hankali a babin zakka. Tumaki 40 zuwa 120 tunkiya ɗaya ake fitarwa idan sauran sharuɗɗa sun cika, daga 121 zuwa 200 kuma biyu. Makiyayin da ya ce garkensa ya haura 100 bai ba malami abin da zai yanke hukunci ba. Wanda ya ce bai kai 121 ba shi ma haka, domin mai yiwuwa bai kai nisabi ba. Idan aka haɗa maganganun biyu hukunci ya fito, tunkiya ɗaya, ba tare da an san ainihin yawan garken ba.

Malamin lissafi yana iya cewa manhaja ta cika, kuma WAEC da NECO da JAMB amsa suke nema, ba hukunci kan isar bayani ba. Uzurin yana da nauyi, musamman ga mai koyar da aji mai cunkoso. Sai dai abin da ake nema ba sabon babi ba ne. Malami yana iya ɗaukar tambayar da ke cikin littafi, ya cire bayani ɗaya daga cikinta, ya tambayi aji ko har yanzu za a iya amsawa. Minti biyar sun isa, alli kawai ake bukata. Yaron da ya saba da haka ya fi fahimtar dalilin kowace ƙa'ida, kuma wannan yana taimakonsa a jarrabawar da ake tsoro. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, wadda ke horar da malamai, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a garin a 2011, su ne wuraren da ya fi dacewa a fara shuka wannan ɗabi'a.

Amfanin ya wuce aji. Akawun da aka miƙa wa jimillar kuɗi babu rasit, da ma'aikacin lafiya da ya ga alama ɗaya ta ciwo, da mai unguwa da ya ji ɓangare ɗaya na rigimar gona, duk tambaya guda ke gabansu: abin da ke hannu ya isa a yanke hukunci? Kuskure iri biyu ne ke jiran su. Akwai mai gaggawa da ke yanke hukunci a kan 47,000 alhali amsa biyu ce, akwai kuma mai jan ƙafa da ke cewa a jira ƙarin bayani a kan 31,000 alhali amsa ta riga ta fito. Na farko yakan zalunci wani, na biyu yakan bar aiki kwance. Makarantar da ke ba da maki ga amsa kaɗai tana yaye masu gaggawa da yawa, domin yaro ya tashi da tunanin cewa faɗin “ban sani ba” faɗuwa ce. Ya kamata ya ji daga bakin malaminsa cewa “bayanin bai isa ba” amsa ce cikakkiya, muddin zai iya kawo misali biyu da suka saɓa wa juna, kamar zabuwa 1 da zabi 6, ya ajiye su a kan allo.