Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi

A wannan mako filin namu zai ɗan jingine zancen farashin hatsi da na albashi, domin mu dubi wani al'amari wanda mutane da dama ke ɗauka wasan yara ne, alhali kuwa ya shafi mutuncinmu gaba ɗaya, wato yadda ake nuna baƙar fata a silima da talabijin. Ba sai mun je nesa neman misali ba. Akwai ɗan ƙasar nan wanda rayuwarsa kaɗai ta isa darasi, shi ne marigayi Umaru Ganda. Duk mai zuwa Yamai ya san gidan raya al'adun da ke ɗauke da sunansa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa zama suka kalli fim ɗinsa ko da guda.

Kafin mu zo kansa, ya kamata mu san irin hoton baƙin mutum da ya tarar a duniya. Tun silima tana jaririya, a Amurka, an ware wa baƙar fata matsayinsa. A cikin wani shahararren fim na shekarar 1915 mai suna The Birth of a Nation, Turawa ne suka shafa baƙi a fuska suka fito a matsayin baƙaƙe, aka nuna su mutane marasa hankali masu haɗari ga jama'a. A fim ɗin Tarzan na 1932, wanda ire-irensa suka zagaya gidajen silima na Afirka shekara da shekaru, Bature ne sarkin daji, mu kuwa ƴan dako ne masu ɗauke da akwatuna a ka, in ɗayanmu ya faɗa rami ba wanda ke tambayar sunansa. Baƙar mace ta farko da ta samu babbar kyautar Oscar, wato Hattie McDaniel a 1940, ta same ta ne saboda fitowa a matsayin baiwa mai aikin gida, kuma a daren bikin ba a zaunar da ita tebur ɗaya da abokan aikinta farare ba. Sai a 1964 ne wani baƙi, Sidney Poitier, ya karɓi kyautar babban ɗan wasa.

A nan wajenmu kuwa, Nasara bai bar abin ga sa'a ba. A shekarar 1934 ministan Faransa mai kula da ƙasashen da ta mallaka, Pierre Laval, ya sa hannu ga wata doka wadda ta hana ɗaukar fim a ƙasashenmu sai da izinin gwamna, kuma sai hukuma ta san abin da za a ɗauka. Wani saurayi Bafaranshe, René Vautier, ya karya dokar, ya ɗauki barnar mulkin mallaka a fim ɗinsa Afrique 50. Sakamakonsa shi ne hukuncin ɗaurin shekara guda, fim ɗin kuma aka hana nuna shi har wajen shekara 40. Ɗaliban Afirka da suka koyi aikin silima a Faransa, irin su Paulin Vieyra, da suka nemi izinin ɗaukar fim a gida ba su samu ba, shi ya sa a 1955 suka ɗauki nasu a titunan Paris, suka sa masa suna Afrique-sur-Seine. Ashe mai mulki ya riga mu gane cewa kamara makami ce, kuma bai yarda ta shiga hannunmu ba.

To a cikin wannan zamani aka haifi Umaru Ganda a Yamai, a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin, can gabashin duniya. Da ya dawo gida bai samu aikin yi ba, sai ya bi hanyar da dubban samarinmu suka bi, ya tafi Kurmi neman kuɗi, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan. A can ya gamu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai binciken al'adu wanda ya daɗe yana ɗaukar fina-finai a Nijar. Rouch ya ɗauke shi aikin bincike kan ƴan ci-rani, daga bisani ya sa shi a gaban kamara. Abin da ya fito shi ne Moi, un Noir, ma'ana "Ni, baƙin mutum", wanda aka ɗauka a unguwar Treichville, ya fita a 1958, ya kuma ci babbar kyautar Louis Delluc a Faransa.

Gaskiya ita ce fim ɗin ya zo da sabon abu. Kamarar Rouch ba ta ɗaukar murya, don haka bayan an gama ɗaukar hotuna sai aka zaunar da Ganda yana kallo yana magana a kansu yadda ransa ya so. Turawa da yawa a ranar suka fara jin baƙin lebura yana faɗin gajiyarsa da burinsa da haushinsa da bakinsa. Amma ku dubi sunayen da samarin nan ke kiran kansu da su a cikin fim ɗin. Ganda shi ne Edward G. Robinson, wani ɗan wasan Amurka. Abokinsa shi ne Eddie Constantine, wani kuma Tarzan, yarinyar da yake so ita ce Dorothy Lamour. Dukansu sunayen farare ne da aka kwaso daga allon silima. Da Ganda ya yi mafarkin zama gwarzo irin launinsa, sai da ya fita daga silima ya shiga fagen dambe, ya aro sunan Sugar Ray Robinson. Matashin da ya ga yaƙi da idonsa, ya ɗauki buhuna a kafaɗarsa, ya nemi mai kama da shi cikin jaruman allo bai samu ba. Wannan ita ce illar da muke magana a kai, kuma Bahaushe ya riga ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ba mu ce Rouch maƙiyinmu ne ba. Ya zauna da mutanenmu, ya buɗe wa da yawa daga cikinsu ƙofar wannan sana'a, kuma a ƙasar nan Allah ya karɓi ransa a 2004, cikin haɗarin mota a yankin Birnin Ƙonni, a Yamai aka binne shi. Amma duk da haka shi ke riƙe da kamara, shi ke zaɓen abin da za a bari da abin da za a yanke, muryarsa ce ke gabatar da kowane babi. Shi ya sa a 1965 Usman Sambene na Senegal ya faɗa masa ido da ido cewa shi da ire-irensa suna kallonmu ne kamar yadda ake kallon ƙwari. Maganar tana da zafi, amma tana da tushe: ana iya son mutum, a kuma ci gaba da yi masa magana a madadinsa.

Ganda ya dawo Yamai, ya koyi aikin a ƙungiyar masu sha'awar silima ta gidan al'adun Faransa da Nijar, sannan ya juya kamara ya riƙe da hannunsa. Fim ɗinsa na farko, Cabascabo, ya fita a 1969, cikin harshen Zabarmanci, tsawonsa bai kai sa'a guda ba. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indoshin da kuɗi a aljihu, maroƙa da abokai da mata suka yi masa caa, da kuɗin suka ƙare kowa ya watse, ya nemi aiki ya ga wulaƙanci, a ƙarshe ya juya ya nufi aikin ƙasa. Ganda da kansa ya fito a matsayin sojan. Labarin da ya taɓa bayarwa a gurguje cikin Faransanci a ƙarshen fim ɗin Rouch, yanzu ya ba da shi cikakke da harshen uwarsa. An nuna fim ɗin a bikin Cannes a wannan shekara, ya kuma samu kyauta a Mosko.

Abin lura a nan, jama'a, shi ne Ganda bai yi mana kwalliya ba. Sojan nasa almubazzari ne, abokansa maciya amana ne. Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, ya taɓo wani alhaji da ya yi amfani da dukiyarsa ya auri yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari, abin ya ƙare da zubar da jini. Wannan fim shi ya fara cin kyautar Dokin Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, wato Nijar ce ta fara ɗaukar babbar kyautar silima ta Afirka. Saboda haka abin da muke nema ya wuce a riƙa nuna baƙin mutum kullum nagari. Muna so a nuna shi mutum cikakke, mai suna, mai dangi, mai dalilin abin da yake aikatawa, ko da kuskure ne. Ɗan dakon Tarzan ba shi da laifi, amma kuma ba shi da suna. Cabascabo yana da laifi, amma mun san ko shi wane ne, mun kuma san irinsa a unguwarmu.

Ba Ganda kaɗai ya ga cutar ba. Mustafa Alhasan, wanda mutanen Tawa suka sani domin a cikinsu ya zauna, ya yi fim a 1966 mai suna Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya dawo daga tafiya da tsarabar kayan kaboyi, abokansa suka sa huluna suka rataya bindigogi suka addabi ƙauyensu. Dariya ce a sama, amma a ƙasa gargaɗi ne game da abin da hoton baƙo ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro.

Wani zai ce wannan duk tarihi ne. To mu tuna 2005, lokacin da yunwa ta kawo kamarorin manyan gidajen talabijin na duniya Maraɗi. Hotunan yaran da suka nuna ba ƙarya ba ne, kuma sun sa taimako ya iso, ba za mu musa ba. Amma ga miliyoyin masu kallo a Turai, wannan hoto shi ne Maraɗi baki ɗaya. Ba su ga kasuwa ba, ba su ga alhazan da ke fatauci daga Kwatano har Dubai ba, ba su ji sunan uwar da ke riƙe da yaron ba, balle abin da take tunani. Ɗan kasuwarmu da ya je neman biza ko abokin ciniki a waje, da ma'aikacinmu da ya zauna teburin shawara da baƙi, wannan hoto ya riga su shiga ɗakin, kuma da shi ake auna su tun ba su buɗe baki ba.

Ku gwada wannan da aikin A'isha Maki, ƴar Damagaram, wadda a 2021 ta fito da fim mai suna Zinder a kan samarin unguwar Kara-Kara, unguwar da tun asali aka ware wa kutare da waɗanda gari ya ƙi. Abin da ta nuna ba mai daɗin gani ba ne: zaman banza, faɗace-faɗace, fasa dutse, fasa-ƙwaurin man fetur, gidan kaso. Amma samarin suna magana da Hausarsu, suna faɗin yadda aka yi suka kai nan, mai kallo kuma yana fita da tambaya a zuciyarsa game da hakkin da ke kansa. Talaucin da baƙo ya ɗauka da wanda ƴar gida ta ɗauka duk talauci ne, bambancin yana ga wanda aka bai wa bakin magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Sai dai riƙe kamara yana da tsada, kuma a nan ne laifin ya dawo kanmu. Zalika Sule, wadda ta fito a fina-finan Ganda da na Mustafa Alhasan, tana cikin matan farko da suka yi wannan sana'a a Afirka. Saboda yawan fitowa a matsayin muguwar mace, wasu suka ɗauka halinta ke nan, ta sha zagi a gari. Fim ɗin da Rahamatu Keita ta yi a kanta a 2004 ya nuna ta cikin ƙuncin rayuwa a Yamai, ta kuma rasu a 2021. Tarihin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari sojojin Voulet da Chanoine a 1899, ɗan ƙasar nan Abdullahi Mamani ya rubuta shi, amma a Burkina Faso Med Hondo ya ɗauki fim ɗin a 1986. Yawancin gidajen silima na garuruwanmu sun rufe, allon ya koma cikin wayar da ke hannun kowane yaro, kuma mafi yawan abin da ke cikinta wasu ne suka shirya shi domin bukatar kansu.

Don haka kiranmu ga ƴan kasuwa shi ne su ɗauki fim a matsayin haja kuma a matsayin gado. Maƙwabtanmu na Kano sun nuna cewa fim da harshen Hausa yana da kasuwa, kuma mu kanmu muna cikin masu saye. Wanda ke iya kashe miliyoyi a bikin kwana uku yana iya ɗaukar nauyin wani saurayi ko wata budurwa mai labarin garinsu a ka. Ga ma'aikata kuwa, musamman na ilimi da na al'adu da na watsa labarai, muna roƙon a nemo fina-finan Ganda da na tsararsa, a fassara su cikin harsunanmu, a nuna su a makarantu da gidajen matasa da akwatunan talabijin. Iyaye kuma, in kun zauna kallo da yaranku, ku tambaye su: wa ya ɗauki wannan hoto, kuma wa aka hana magana a cikinsa?

Umaru Ganda ya rasu ran 1 ga watan Janairu na 1981, yana da shekara 45. Bikin FESPACO ya sa sunansa ga kyautar da ake bai wa wanda ya yi fice da babban fim ɗinsa na farko. Ya fara da sunan aro a fim ɗin wani, ya ƙare sunansa na yanka ne matasan Afirka ke fatan a kira tare da nasu. Allah ya jiƙansa, ya sa mu yi koyi da abin kirkin da ya bari.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.