Hayaƙi Ɗan Aiken Tarin Fuka Ne

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina da ƙorafi a kan yadda muke yaƙi da tarin fuka, cutar da ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya da kwata a duniya a 2023. Mun iya ware wa mai tari kwanonsa da moɗarsa, mun iya gudunsa, amma hayaƙin da ya share wa cutar hanya ba mai ce masa uffan.

Kada 'yan sashen kimiyya su yi mini caa. Na san ƙwayar cuta ce ke kawo tarin, wadda Bajamushen nan Robert Koch ya gano a 1882. To amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar nan, galibinsu kuwa ba su kwanta ba, don huhu yana da dakarunsa masu haɗiye ta su tsare ta. Shi hayaƙi yana ɗauke da ɓurɓushin da ido ba ya gani, mai kutsawa har ƙuryar huhu. Dakarun nan sai su shagala da kwasar toka, ƙarfinsu ya ragu, ƙwaya ta samu sarari. Bincike a Indiya ya nuna tarin ya fi kama masu girki da itace da kashin shanu, a Nefal kuma masu girki da kananzir. Masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu kuwa, ƙurar dutse ta daɗe tana miƙa su ga fuka.

Yanzu mu dubi gida. Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan tari. Ga mace durƙushe gaban murhu a madafin da ba taga, goyo a bayanta, ɗanyen itace na turnuƙe ta. Janareto na ruri a zaure, ana babbake ganda da tsohuwar taya a bayan layi. Ta kamu, a ba ta magani kyauta na wata shida (madalla da wannan), sa'an nan a mayar da ita gaban murhun nan dai. Maigidan da ya fi kowa faɗan a ware mata kwano kuwa, shi ke busa sigari a ɗaki!

Me ya hana malamin asibiti ya tambayi majinyaciya da me take girki? Me ya hana hukuma sa murhu mai rage hayaƙi cikin kasafin yaƙi da fuka? Mu ma da ke kunna risho a ɗakin kwanan mutum huɗu, taga a rufe wai saboda sauro, tambayar ta shafe mu.