Baƙo da Daren Birni

Jama'a masu sauraronmu na Icirnawa da Kance da Matamaye, da sauran garuruwan da muryarmu ke kaiwa.

Idan kaka ta ƙare, aka ɗaure damman hatsi aka kai rumbu, aka rore wake aka cire gujiya, da wuya ka shiga gida a wannan yanki namu ba ka ji ana zancen tafiya ba, domin gonakinmu, duk da albarkar da Allah Ya sa musu, sun yi wa yawanmu kaɗan, kuma abin da damina guda ta bayar ba safai yake kai iyali ga wata daminar ba. Sai samari su rataya jaka su bi ta Ɗan Barto, su tsallaka Kongwalam, su ratsa Daura su faɗa Kano. Wasu su zarce Ikko ko Abijan, wasu kuwa su fuskanci arewa ta Agadas da Arlit. Wannan hanya ta arewa mun san abin da ta ci mana, don ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, sa'ad da ƙishirwa ta halaka mutum 92 cikin hamada kafin iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, da yawa daga cikinsu 'yan wannan yanki. Allah Ya jiƙan su. An yi magana mai yawa a kan haɗarin hanya, kuma ya cancanta a yi. Amma akwai abin da ke jiran wanda ya isa lafiya, wanda ba a cika ambatonsa ba sai da tsawa ko da raɗa, wato daren birni.

Yaron da ya tashi a Icirnawa ya san dare da iyakarsa. A yi sallar isha'i, a ci tuwo, a taɓa hira a ƙofar gida, in da farin wata 'yammata su fita dandali, daga nan gari ya yi tsit. Kuma duk lungun da ya sa ƙafa cikin duhun nan akwai wanda zai gane muryarsa ya ce ɗan gidan wane ne. To, wannan yaro shi ne ranar da ya fara kwana a Kano, idan ƙafa ta kai shi Sabon Gari, unguwar da Turawa suka keɓe wa baƙi 'yan kudu tun farkon mulkinsu, zai tarar da fitilu ko'ina, injinan wuta na ruri, kiɗa na tashi daga gidaje daban-daban, hayaƙin tsire da balangu ya cika titi, maza da mata suna kai da kawo kamar ranar kasuwa, alhali ƙarfe goma sha biyun dare ta gota, kuma cikin wannan taro duka babu mahaluki ɗaya da ya san sunansa ko ya damu ya sani. An ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a shekarar 2000, an kafa hukumar Hisba a 2003, amma Sabon Gari tana nan da darenta.

Sai dai mu yi wa 'ya'yanmu adalci. Mafi yawansu daga bakin ƙofa suke kallon wannan dare, domin su ne masu gadinsa, su ne masu shayinsa, su ne masu tura kurar ruwa da wankin mota. Ku dubi maigadi a ƙofar otal, yana zaune bisa benci, tocila a cinya, carbi a hannu, ƙaramar rediyo a gefensa yana laluben tashar da za ta kawo masa labarin gida. Shi ke buɗe wa motoci ƙofa, yana ganin mutum ya kashe a zama ɗaya abin da shi ba ya samu a wata, sa'an nan da asuba ya yi alwala da ragowar ruwan butarsa ya tada kabbara a gefen katanga. Hausawa sun ce dare mahutar bawa, amma wannan bawan Allah daren ne gonarsa. Daga nan fitina takan shigo, sannu a hankali: wani abokin aiki ya miƙo masa ƙwayar tiramol domin ta hana shi gyangyaɗi, gobe ya saya da kuɗinsa, jibi ya kasa tsayuwa sai da ita, ko a ja shi shagon cacar ƙwallo da sunan gwada sa'a, kuɗin da aka yi niyyar aikawa gida na takin zamani su narke a can.

Al'amarin ba sabo ba ne. A shekarar 1958 Bafaranshen nan Jean Rouch ya fitar da fim mai suna Moi, un noir, wanda ya ɗauka a unguwar Treichville ta Abijan, a kan samarin Nijar 'yan ci-rani. Babban ɗan wasan shi ne Umaru Ganda, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin magabatan silima a ƙasarmu. A ciki ana ganin su suna dako da leburanci mako duka, ranar Asabar da Lahadi su sa tufafinsu masu kyau su nufi wuraren rawa da mashaya, suna kiran kansu da sunayen taurarin finafinan Amurka, Litinin kuma ta waye musu da aljihu wayam da zuciya cike da takaici. Duk wanda ya kalli fuskokin nan da idon basira zai ga abin da ya fi rinjaye a kansu kewa ce.

A nan ra'ayina yake, kuma ina faɗinsa da yaƙini: abin da ke tura baƙo cikin sharrin dare, kafin sha'awa da kafin kuɗi, kaɗaici ne. Mutumin da ya wuni ba wanda ya kira sunansa, ya dawo ɗakin da suke kwana su goma ko rumfar kasuwa, zai bi duk inda aka sakar masa fuska. Magabatanmu fatake sun fahimci haka, shi ya sa ba su tafiya sai sun san masaukinsu. A zangon Kumasi, da Sabo ta Ibadan, da Agege ta Ikko, akwai maigida ko fatoma wanda zai karɓi baƙo, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa dukiyarsa amana, ya tsaya masa in rigima ta taso, ya kuma neme shi in aka yi sallah bai gan shi a sahu ba. Shari'a ma ta ba matafiyi, ibnus-sabili, rabo cikin zakka, saboda sanin raunin wanda ya bar ƙasarsa. Yau abin da ya saura na wannan tsari a wurare da yawa shi ne teburin mai shayi, inda 'yan gari ɗaya ke taruwa bayan isha'i, a soya ƙwai a yanka burodi, a tambayi wa ya zo daga gida, wa aka yi wa haihuwa, nawa ake sayar da tiyar hatsi a kasuwar Matamaye. Kada kowa ya raina teburin nan. A wurinsa ake samar wa sabon zuwa aiki, a wurinsa ake haɗa kuɗin magani ko na mayar da gawa, kuma a wurinsa ne babba zai lura idon yaro ya soma canza launi ya ja shi gefe.

Saboda haka, iyaye, idan ɗanku ya zo sallama a bana, bayan addu'a da nasiha, ku tambaye shi wurin wa zai sauka, ku karɓi lambar wayar mutumin, ku kira shi da kanku ku damƙa masa amanar yaron. Ku kuma 'yan Icirnawa da kuka daɗe a Kano da Ikko da Abijan, waɗanda na san wasunku suna sauraronmu ta wayoyinsu, motoci za su fara sauke ƙannenku nan da 'yan makonni, ku aika a tarye su a tasha.