Daga Bakin Allo: Karatun Da Ake Cewa Ya Ƙi Ƙarewa

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo ya tare ni da kuka a kan ɗansa. Ya ce, "Malam, yaron nan ya yi digiri na ɗaya, ya yi na biyu, ya zama dakta, yanzu kuma wai zai sake zama a ƙarƙashin wani malami shekara uku. Sa'o'insa duk sun gina gida. Wannan karatu yaushe zai ƙare?" Na ce, "Baba, idan yaro ya sauke Alƙur'ani, shi ke nan ya zama mai fatawa?" Ya ce a'a, sai ya zauna a zauren malamai ya sha littattafai. Na ce to, su ma masu ilmin kimiyya haka tsarinsu yake.

Bari in ba da misali da wani fanni da ya shafi gidajenmu, wato binciken ƙwayoyin tushe. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kowace da aikinta. Akwai kuma wasu da suke kamar iri a rumbu: suna haifar irinsu, suna kuma rikiɗa su zama wasu ƙwayoyin. Waɗanda ke cikin ɓargo su ne ke samar da jini. Saboda haka idan aka sauya wa mai ciwon sikila ɓargo da na ɗan'uwansa wanda ya dace da shi, yana iya rabuwa da ciwon. A nan Gana kimanin jarirai 2 cikin kowane 100 ana haifuwarsu da sikila, kuma babu zangon da ba a san daren da uwa ke kwana zaune tana danna wa yaro gaɓoɓi ba.

To, su wane ne suka gano wannan ilmi, kuma yaya aka rene su? Ku dubi John Gurdon na Ingila. Yana ɗan shekara 15 shi ne na ƙarshe a darasin ilmin halittu cikin yara 250, har malaminsa ya rubuta cewa burinsa na zama masanin kimiyya shirme ne. Duk lokacin da na ɗauki jan biro zan cika katin sakamako, wannan labari yakan faɗo mini. Yaron nan, yana ɗalibin digirin dakta a Jami'ar Okasfod, ya fara gwaji da kwaɗi, kuma a 1962 ya nuna cewa ƙwayar da ta riga ta girma tana nan riƙe da dukkan bayanan da ake bukata don gina jiki.

Sai Shinya Yamanaka na Japan. Likitan ƙashi ne tun farko, ya koma ya yi digirin dakta, ya gama a 1993, sannan ya tafi Amurka ya yi shekara uku yana ƙwarewa a ɗakin binciken wani malami. A 2006 shi da ɗalibinsa Kazutoshi Takahashi suka tace ƙwayoyin gado 24 har suka ware 4 da ke iya mayar da ƙwayar fatar ɓera ta koma ƙwayar tushe. A 2007 suka yi haka da ta mutum. A 2012 aka ba Gurdon da Yamanaka kyautar Nobel tare. Daga aikin na farko zuwa na biyu shekara 44 ne.

Me ɗalibi yake yi a waɗannan shekaru? Mai neman dakta yakan ɗauki tambaya guda wadda ba a san amsarta ba, ya yi shekara huɗu ko biyar a kanta. Zai koyi rainon ƙwayoyi a cikin faranti, yana sauya musu abinci har ranar hutu, domin ƙazanta kaɗan tana iya lalata aikin watanni. Bayan dakta sai ya koma hannun wani malamin, a kan ɗan albashi, ya koyi tsara bincike da kansa, da neman kuɗinsa, da horar da na baya. Sai bayan nan ake damƙa masa ɗakin bincike.

Mutanen jihar Kalifoniya a Amurka sun gane haka. A 2004 suka kaɗa ƙuri'ar ware dala biliyan 3 don wannan bincike, kuma kuɗin farko da aka raba na horar da matasan masana ne. A Nijeriya ma, dashen ɓargo na farko ga mai sikila an yi shi ne a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, a hannun Dakta Nosakhare Bazuaye wanda ya je Suwizalan ya koyo aikin. A Legon kuma, cibiyar WACCBIP tana horar da masu dakta da na bayan dakta a ilmin ƙwayoyin halitta da cututtuka.

A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, inda ake gyara ƙwayoyin tushen mai sikila a mayar masa. Kuɗin da aka yanka masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Wa zai iya a cikinmu? Ciwon a gidanmu yake, masu ilmin kuwa suna can nesa, kuma wanda ba ya noma dole ya saya yadda mai hatsi ya yanka.

Shawarata ga iyaye ita ce, yaro ko yarinyar da ta nuna basira a kimiyya, a yi haƙuri da ita, a daina yi mata gori. Ƙungiyoyin zango da ke tara kuɗin biki su ware wani abu don irin waɗannan ɗalibai. A kuma yi hattara da masu tallan garin magani suna cewa ƙwayoyin tushe ne. Dashen gaskiya a asibiti ake yinsa, kuma yana da haɗari. Kafin aure kuwa, a je a yi gwajin jini.

Dattijon nan da muka rabu ya ce zai bar yaron ya ƙarasa, amma in gaya masa ya riƙa bugo waya. Na isar da saƙo. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.